Sannun da Na Kasa Kaiwa

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na wanke hannuna har fatar ta yi fari, amma ji nake bai fita ba. Rigar na cusa ta a leda na tura ƙarƙashin kujerar mota. Ban san yadda zan shiga da ita gida ba.

Bari in rubuta yadda aka yi tun kaina bai fara sauya mini labarin ba.

Mai ɗinki ta zo shagona da hantsi. Matar nan ce mai shagon ɗinki a layin bayanmu, wadda nake yanka wa gilashin taga. Dogon madubi take so, wanda mutum zai ga kansa daga sama har ƙasa, saboda masu gwada kaya. Na kai ta can ciki inda manyan suke jingine a kan maƙalin katako. Ta tsaya gaban wanda ya fi girma, ta juya nan ta juya can, ta ce, "Malam, wannan maƙaryaci ne, ya rage mini ƙiba. Shi nake so." Muka yi dariya. Na ce bari in ɗauko tef in auna mata. Na juya baya.

Ƙarar na fara ji.

Tun ina saurayi nake wannan sana'a, na san ƙarar kowane irin gilashi in ya fashe. Wannan ban taɓa jin irinta ba, domin akwai muryar mutum a ciki.

Hannu ta ɗaga ta kare fuskarta. Na dama.

Sauran ba zan rubuta ba. Dogo, abokin aikina, ya fizgo labulen ƙofa muka naɗe. Ni na tuƙa, shi yana baya ya ɗaga mata hannun sama. Duk hanyar ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya take ta cewa, "Ba na jin yatsuna. Malam, ba na jin yatsuna."

Da muka isa asibiti, ma'aikata suka shiga da ita. Ƙanenta ya iso a guje, hular aiki a hannu. Ya dubi rigata, ya dube ni.

Talata, ƙarfe goma na safe

Babbar 'yata ta zo tun kafin in sha shayi. Maman yara ce ta kira ta. Ina zaune da takalmi a ƙafa, zan tafi asibiti, ta tare ƙofa.

"Abba, ka kira masu inshora?"

Wallahi na ma manta da su. Ita ce bara ta matsa mini sai na yi, irin wadda ke tsaya wa mai sana'a idan wani ya ji ciwo a shagonsa, ko aikinsa ya lalata kayan wani. Na dinga yi mata tsiya, ina cewa ta sa ni sayen laima a ɗaki. Yau ban yi tsiya ba. Ta buga lambar ta miƙo mini.

Wata yarinya ce ta ɗauka, muryarta a nitse kamar mai karanta labarai. Ta yi tambayoyi, na amsa. Sannan ta ce in saurara da kyau.

Kada in taɓa komai a shagon. Kada a share, kada a ɗaga maƙalin, har sai mai bincikensu ya zo. Kada in ce wa kowa laifina ne, ko da a cikin hira. Kada in yi wa kowa alkawari. Duk wanda ya zo mini da maganar, in ba shi lambarta.

Na ce to, yanzu ma asibitin zan je.

Ta ce, "Baba, da za ka ji shawarata, da ka dakata tukuna. Mutum in ya ga mara lafiya bakinsa yakan riga shi. Kalma ɗaya za ta iya sa kamfani ya janye hannunsa, kuma in ya janye, ita ce za ta fi cutuwa."

Na ce, "Ko dubiya?"

"Ka dakata tukuna, Baba."

Na cire takalmin. Maman yara tana tsaye da butar shayi tana kallona. Ta ajiye butar da ƙarfi fiye da yadda ta saba.

Talata, ƙarfe huɗu

An shiga da ita tiyata. Daga bakin mai kantin kusa na ji, ba daga bakin danginta ba.

Laraba, tsakar rana

Na buɗe ƙofar shago kaɗan na leƙa, na mayar na rufe.

Komai na nan yadda muka bar shi. Gutsattsarin madubin sun bazu har ƙarƙashin tebur, kowanne yana nuna mini wani yanki na rufin ɗaki. Takalminta ƙafa ɗaya yana can gefe. Abin ya bushe a kan siminti, ya koma baƙi. Ƙudaje sun samu.

Ni da ban taɓa tashi daga aiki ban share ba. Tsintsiyar tana jingine a bango, hannuna har ƙaiƙayi yake.

Maƙwabtan layi suna gaishe ni da wata irin murya. Mai gyaran waya ya ce ya ji an yanke hannun. Mai kanti ya ce ƙarya ne. Mai aski ya ce shi dai ya san wani da irin wannan ta kai shi gidan yari. Yana faɗa yana kaɗe tawul, kamar maganar ƙwallo yake.

Na koma mota na zauna, gilashi a rufe, har zufa ta jiƙa ni.

Alhamis, ƙarfe uku

Mai bincike ya zo. Mutum ne gajere mai ladabi, da jaka a kafaɗa. Ladabin nasa ne ma ya fi ba ni tsoro.

Ya ɗauki hoton komai, har takalmin. Ya durƙusa gaban maƙalin ya daɗe yana shafa katakon, yana girgiza shi, yana leƙa ƙusoshin. Katakon lafiya lau. Igiyar da muke ɗaure manyan madubai da ita tana rataye, ba ta tsinke ba, a kwance take.

"Wa ya kwance ta?"

Na ce kullum mukan kwance in za mu nuna wa mai saye, sannan mu sa ƙaramin katako a gindi ya tokare.

"Ranar an sa?"

Na buɗe baki. Na ga hannuna yana sa katakon, sarai na gani. Amma ban sani ba ko na ranar Litinin nake gani ko na sauran ranakun duniya. Na ce ban sani ba. Ya rubuta.

Ya juya kan Dogo. Dogo mutum ne da in ya ga mai riƙe da biro sai harshensa ya ɗaure. Ya ce shi yana waje yana sauke kaya. Aka sake tambayarsa, ya ce yana ciki. Aka sake, ya ce shi dai Allah ya gani. Bayan mutumin ya tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Maigida, a kaina za a sauke, ko?"

Na ce babu wanda zai sauke komai a kan kowa. Muryata ko ni ba ta gamsar ba.

An samu ƙaramin katakon can ƙarƙashin tebur. Zai yiwu faɗuwar ce ta harba shi. Zai yiwu dama can yake.

Har yanzu ba a ce in share ba.

Juma'a, da safe

Wayar Dogo a kashe.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Ƙanenta ya zo.

Tun azahar na hango shi a tsallaken titi, jingine da babur ɗinsa, yana kallon shagon. Ina zaune a benci a waje, tunda ciki ba ya shiguwa. Na yi kamar ina duba waya. Na duba ko akwai wani abu a hannunsa. Babu.

Da ya tsallako bai ɗaga murya ba. Da ya yi ihu da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Yayata ta ce kai mutumin kirki ne. Tun tana farfaɗowa take cewa a bar ka, za ka zo. Kullum in an buɗe ƙofa sai ta ɗaga kai."

Na ce, "Yaya jikin nata?"

"Ka zo ka gani mana. Asibitin ya ƙaura ne?"

Maganar tana nan a maƙogwarona, cike, tana neman fita. Na haɗiye ta. Na zaro katin da aka rubuta lambar yarinyar inshora na miƙa masa. Na ce duk abin da ake buƙata, a kira wannan.

Ya karɓa ya juya shi gaba da baya. Ya yi wata 'yar dariya.

"Kati. Matar da ta rene ni da wannan hannun, ta biya mini makaranta da wannan hannun. Kati."

Ya sa a aljihu. Ya ce to shi ke nan, tunda da takarda nake magana, shi ma zai samo mai magana da takarda.

Mai aski da mutanensa duk sun fito suna kallo. Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na yau ba. Da na dawo gida Maman yara ta ajiye mini abinci, na ce na ƙoshi. Ta ce, "Da me?"

Litinin, ƙarfe sha ɗaya

Wani lauya ya kira. Ya faɗi sunana cikakke, har da na mahaifina. Na zauna a kan matakala. Na ba shi lambar.

Na kira yarinyar inshora ina haki. Ta ce in kwantar da hankalina, wannan shi ne aikinsu, in ta kai ga kotu lauyansu ne zai tsaya, ba ni ba. Na ce to kamfanin ya amince zai ɗauki nauyin maganin? Ta ce ana dubawa.

Ana dubawa. Na tambaye ta in aka duba aka ƙi fa? Ta ce kada mu riga lokaci.

Ni na riga shi tuntuni. Na ga an sa wa shago kwaɗo, na ga an fitar da kujerun falo, na ga Auta ta dawo daga makaranta da akwatinta. Duk na gani tun kafin in tashi daga kan matakalar.

Amma ba wannan ne ke tsaya mini a ƙirji ba. Ƙofar nan ce da ake buɗewa tana ɗaga kai.

Talata, ƙarfe biyu

Na je wani gida sa gilashin taga, aikin da na karɓa tun kafin abin. Na shimfiɗa gilashin, na ɗora ma'auni, na ɗauki abin yanka. Layi ɗaya ne miƙaƙƙe, irin wanda nake ja ido a rufe.

Ya karkace. Na ɗauko wani, ya sake karkacewa.

'Yar masu gidan, wata ƙarama mai kitso biyu, ta rugo ta tsaya kusa da gilashin da na jingine. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ta fashe da kuka. Uwarta ta fito ta ɗauke ta tana hararata. Na tattara kayana na ce zan dawo gobe.

Ba zan koma ba.

Laraba, ƙarfe biyar

Maman yara ta fita tun safe, ta ce kasuwa za ta. Ta dawo babu ko leda, da kwanon abinci wanda babu komai a ciki.

Na ce, "Ina kika je?"

"Inda ka kasa zuwa."

Na miƙe tsaye. Na ce kin san abin da kika yi? Kin san kalma ɗaya za ta iya rusa komai?

Ta cire mayafinta tana ninkewa a hankali. "Malam, ni ban sa hannu a takardar kowa ba. Ni maƙwabciya ce, na kai wa maƙwabciya abinci. In kamfaninku zai kama ni, ya zo, ina kicin."

Na koma na zauna. Na tambaye ta yadda hannun yake.

Hannun yana nan, ba a yanke ba. Jijiyoyi ne suka tsinke, an ɗinke su. Maman yara ta ce matar har wasa ta yi, wai ta duba ɗinkin likitan, in yaron shagonta ne ya yi shi sai ya farke ya sake. Amma yatsun ba sa motsi. An ce a jira.

Na ce ta tambaye ni?

Maman yara ta kalli bango. "Ta ce in gaishe ka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Jikinta da zafi, ban son zafin nan. Ga idonta ya faɗa."

Ƙanen yana wurin. Bai amsa gaisuwarta ba, amma ya karɓi kwanon.

Alhamis, da safe

Zazzaɓi. Ciwon ya yi ruwa.

Alhamis, ƙarfe huɗu

Za a sake shiga da ita.

Juma'a, tsakar rana

Ba labari. Maman yara ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake kira.

Na je na ajiye mota a gaban asibitin. Na ga masu shiga da kwanuka da filo, na ga masu fitowa. Wasu mata suka fito suna kuka, na riƙe sitiyari har yatsuna suka ƙage. Ba su ba ne. Na gode wa Allah, sannan na ji kunyar godiyar, domin su ma wani suka rasa.

Ban shiga ba.

Asabar, da hantsi

In ta mutu ban je ba fa?

Na rubuta. Ga shi nan na rubuta.

Lahadi, ƙarfe uku

Zafin ya sauka. Ta sha shayi.

Litinin, ƙarfe ɗaya

Na je ofishin inshorar da ƙafata. Hawa na sama ne, ga sanyin na'ura, ga kujeru masu laushi. Yarinyar ta fito. Ashe ƙarama ce sosai, ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba, da tabarau da ɗan cikin da ya fara fitowa.

Na ce mata ban zo tambayar ko sun gama dubawa ba. Na zo in gaya mata gobe zan je asibiti, ko kamfani ya janye ko kada ya janye. Abin da nake so ta faɗa mini shi ne wace kalma ce haram.

Ta cire tabarau. "Baba, har yanzu ba ka je ba?"

"Ke kika ce in dakata."

"Na ce ka dakata har mai bincike ya zo ya ɗauki bayani." Ta rufe bakinta da hannu. "Na ɗauka na faɗa maka. Wayyo, Baba."

Ban san ko ta faɗa ba. Zai yiwu ta faɗa, tsoro ya toshe mini kunne. Kwanakin nan babu abin da na tabbatar.

Muka zauna muna tantance kalmomi kamar masu tsince shinkafa. Sannu, ta ce babu laifi. Allah ya ba ki lafiya, babu laifi. Na ji zafin abin da ya same ki, babu laifi. Laifina ne, a'a. Zan biya, a'a, wannan nasu ne.

Na ce, "Yi haƙuri fa?"

Ta yi tunani. Ta ce wannan tana da fuska biyu.

"Ki yafe mini fa?"

Ta daɗe tana juya biro a hannunta. Sannan ta ce, "Wannan ba ta cikin abin da aka koya mana. Ni dai ban ji ka tambaya ba."

Da zan fita ta raka ni har bakin matakala.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na je.

Ɗaki ne mai gadaje a jere, nata na ƙarshe kusa da taga. Da na tura ƙofa ba ta ɗaga kai ba. Maman yara da muka zo tare ce ta yi sallama.

Ta rame. Hannun yana kan filo, a naɗe har gwiwa, kan yatsun kawai ake gani, sun kumbura. Ƙanen yana zaune a kan kujerar roba. Ya gan ni ya miƙe. Ta ce, "Zauna, ƙanena. Ko ka ba Malam kujerar." Ya fita waje da kujerarsa a hannu.

Duk kalmomin da muka tsince jiya suka watse. Na tsaya a gindin gado kamar wanda aka kira gaban hedimasta. Na ce sannu. Na sake cewa sannu. Ban san sau nawa na faɗa ba.

Ta ce, "Na ɗauka fushi kake."

"Fushi? Ni?"

"Madubin. Na san tsadarsa." Ta juya fuska wajen taga. "Malam, tun da na farfaɗo abu ɗaya ke cina. Ina jin kamar na taɓa shi. Kamar na ɗan jawo gefensa don in ga ko bayansa katako ne. Wani lokacin in ga na taɓa, wani lokacin in ga ban taɓa ba. Da ba ka zo ba sai na ce shi ke nan, ya san ni ce. Ga mutuminku mai jaka ya aiko zai zo ya yi mini tambayoyi. Ban gaya wa ƙanena ba. Tsoro nake ji."

Na dafa ƙarfen gadon.

Na ce mata ni ma ban sani ba ko na sa katakon da ke tokare shi. Wani lokacin in ga na sa, wani lokacin in ga ban sa ba. Ban sani ba ko wannan na cikin kalmomin da aka hana. Na faɗa.

Maman yara tana ta gyara zanen gadon da babu abin da ya same shi.

Ta ce, "To in ya zo me zan ce?"

Na ce ki faɗa masa yadda kika faɗa mini. Madubi dai don a tsaya gabansa aka yi shi, kuma ban taɓa ganin mai sayen da bai taɓa ba.

Sannan na faɗi ɗaya kalmar, wadda yarinyar ba ta ji na tambaya ba. Ba a kan madubin ba. A kan ƙofar da ta yi ta ɗaga kai tana jirana.

Ta ce, "Wannan kam ka yi laifi." Ta share ido da hannun hagu. "Na yafe. Amma ƙanena sai ka bi shi a hankali, zuciyarsa irin ta babanmu ce."

A baranda na same shi. Na miƙa masa hannu. Ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce, "Lauyan dai ba zan janye shi ba." Na ce kada ka janye, haƙƙinta ne. Bai karɓi hannun ba, amma ya matsa mini na wuce.

Juma'a, ƙarfe sha biyu

Yarinyar inshora ta kira. Mai bincike ya gama. Ya rubuta cewa ba a iya gano takamaiman abin da ya kawo faɗuwar ba. Kamfanin ya karɓa. Za su ɗauki nauyin asibiti da na gashin hannun, wato koya masa motsi, sauran kuma za su zauna da lauyanta su daidaita. Ta ce za a ɗauki lokaci, kuma akwai sharuɗɗan da za su gindaya mini kan yadda zan riƙa jingine manyan madubai.

Na ce na gode. Na jira in ji daɗi. Abin da na ji kawai gajiya ce, kamar an sauke mini buhu an bar mini ciwon wuyan.

Ta ce, "Af, Baba, za ka iya sharewa."

Ina cikin shara sai ga inuwa a bakin ƙofa, doguwa. Dogo ne. Ya rame shi ma. Wai yana can wurin wansa, kullum yana jiran a zo kama shi. Ya karɓi tsintsiyar daga hannuna. Ni na ɗebo ruwa da sabulu na durƙusa a kan simintin. Bai fita duka ba. Mun jawo tebur mun ɗora a kai.

Litinin, da safe

Na buɗe shago. Wata mata ta shigo da yaro a hannu, na ce su tsaya daga bakin ƙofa, in fito musu da abin da suke so. Ta dube ni kamar mahaukaci. Ta tafi ba ta saya ba.

Duk ƙarar da na ji a layi sai gabana ya faɗi. Ko cokali ne.

Laraba, ƙarfe huɗu

An sallame ta tun shekaranjiya. Yau aka fara gashi, a sashen da ake koya wa gaɓoɓi motsi. Babur ba zai yi mata ba, don haka ni da Maman yara muka kai ta a mota. Ƙanen ya bi mu a baya.

Likitar ba ta ɓoye mana ba. Ta ce babban yatsa da manuni akwai fata. Sauran ukun kada mu sa rai sosai. Almakashi zai yi wuya. Mai ɗinki ta saurara.

Aka zaunar da ita gaban wani tebur. Likitar ta zazzage maɓallan riga daga cikin gwangwani, ta ce ta ɗauki ɗaya ta sa a kofi.

Ɗaya kawai.

Na tsaya a jikin bango ina kallon yatsun nan biyu suna rawa a kan maɓalli kamar ba nata ba. Su matso, su kauce. Zufa ta keto mata a goshi. Ƙanen ya juya baya yana kallon taga. Ni ma na so in juya, na hana kaina.

Ta kama shi. Ta ɗaga shi kaɗan daga kan tebur, ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin kabad. Ban san lokacin da na zube a ƙasa ina lalubensa ba, ni da furfurata. Sai na ji wani hannun yana laluba ta ɗaya gefen. Na ƙanen ne. Muka yi karo da kai.

"Ku tashi, don Allah, kuna ba ni kunya," in ji ta. "Ku bar shi. Ga wasu nan da yawa."

Muka tashi muna kaɗe gwiwa. Ta riga ta koma kan na biyu. Wannan ya fi ɗaukar lokaci. Ba wanda ya yi numfashi har muka ji 'yar ƙararsa a cikin kofin.

Ta jingina da kujera tana haki. Ta leƙa kofin, ta ɗan taɓe baki.

"Likita, wa ke saya muku maɓallai? Waɗannan na araha ne, wanki biyu sun fashe. Ranar Juma'a zan zo da nawa."